Sarewa Ma Sana'a Ce, In Da Malami



Yau ina so mu tattauna kan wata sana'a da muka raina, wato busa. A wurinmu da an ce wane mabushi ne, sai a taɓe baki a ce maroƙi. Amma ranar hawan Sallah, idan algaita da kakaki suka tashi a ƙofar fadar Sarkin Keffi, kowa sai tsikar jikinsa ta tashi. Muna son zuma, muna ƙyamar mai ɗebo ta.

Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. Akwai Yakuba Mumuni, wanda ake kira Denke Denke, haifaffen yankin Tera a 1966. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, ya taka da ƙafa zuwa Yamai. Wata mawaƙiya, Absatu Dante, ta riƙe shi, shi kuma mai busa mata sarewa, Haruna Marunfa, ya zauna da yaron shekara da shekaru yana koya masa. A 1995 Yakuba ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey, a 1999 suka fitar da faifansu na farko, kuma sarewar makiyaya ce ta kai shi Turai. Abin lura a nan shi ne ya samu malami, ya kuma samu gari mai makarantar kiɗa, domin a Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya.

Haka abin yake wajen Turawa. Jean-Pierre Rampal na Faransa, wanda ya rasu a 2000, ya zagaye duniya da sarewarsa, amma daga 1969 zuwa 1981 yana koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta Paris. Gwani a wurinsu sai ya bar ɗalibai.

To mu fa? Sarewarmu karan dawa ce ko gora mai 'yan ramuka, ba ta buƙatar jari. Abin da ke da tsada shi ne sanin yadda ake sarrafa numfashi. Mai algaita yana cika kumatunsa da iska, yana shaƙar wata ta hanci, busar ba ta yankewa. Wannan ba a koyon sa a waya, sai an zauna gaban mai shi. Yanzu kuwa gidan biki sai DJ, waƙar fim sai fiyano da kwamfuta. Ɗan mabushi ya ga babu riba, ya kama acaɓa. Ranar da tsohon ya kwanta dama, take da kirarin da ke kansa sun tafi ke nan.

Na san wasu za su ce malamai sun yi magana kan kiɗa. Gaskiya ne, akwai saɓani, kuma wanda ya ƙaurace saboda addininsa ba ni da ta cewa da shi. Amma wanda ke kwana da waƙar fim a kunne, da wane baki zai raina mai sarewa?

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa mun san yadda sana'a ke ɗorewa: yaro ya zauna a shago, ubangida ya koya masa, ya sallame shi da jari. Busa ma haka take so. Shawarata ita ce ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su riƙa ware wa tsofaffin mabusa wani abu duk wata, da sharaɗin kowane ya riƙe yara biyu ko uku. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa a cikin garin nan, a nemi ta naɗi busarsu ta adana. Mai biki kuma, kafin ka biya DJ, ka tuna da mai algaita, ka biya shi kamar yadda ake biyan ma'aikaci, kada ka mayar da shi mai jiran liƙi.

Mun baro Kano da Katsina da Zazzau da harshenmu da kasuwancinmu. Kada busarmu ta mutu a hannunmu. Allah ya sa mu dace.

Wassalam.