Kura da shan bugu: darasin Bostjan Cesar ga masu musun ƙwallo

'Yan uwana ɗalibai, a gwada wannan a ɗakin kwana ko a gidan kallo: a ce kowa ya lissafo gwanaye goma na ƙwallon ƙafa. Da wuya ka ji mai tsaron baya fiye da ɗaya. Mu dai a ba mu mai zura ƙwallo da mai yanka, shi ke nan. Ni a ganina wannan ma'auni namu gurgu ne, kuma hujjata ita ce wani ɗan Slovenia mai suna Bostjan Cesar, wanda na san da yawa cikinmu ko sunansa ba su taɓa ji ba.

An haifi Cesar a birnin Ljubljana a 1982, tun Slovenia tana cikin Yugoslavia. Ƙasa ce 'yar ƙarama, mutanenta miliyan biyu da 'yan kai, ta kuma samu 'yanci a 1991. Ya fara yin suna a Dinamo Zagreb ta Croatia, ya koma Marseille ta Faransa a 2005. Can bai samu zama daram ba, har aka ba da shi aro ga West Brom ta Ingila a kakar 2007/2008, kakar da ta hau Firimiya. Daga nan sai Grenoble, sannan Chievo ta Italiya a 2010, inda ya yi shekara goma. Ko da ƙungiyar ta faɗo daga Serie A a 2019, bai tsere ba, ya bi ta ƙasa har ya rataye takalmi a 2020.

Wani zai ce, to ina kofunan? Ina Real Madrid, ina Barcelona? Gaskiya ne, bai buga musu ba, kuma ba zan ce ya kai Maldini ko Ramos ba. Amma a duba abin da ya yi wa ƙasarsa. A watan Oktoba na 2004, shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da Slovenia ta doke Italiya a garin Celje, Italiyar da ta ɗauki kofin duniya bayan shekara biyu. A wasannin neman gurbin zuwa Afirka ta Kudu, ƙwallo huɗu kacal aka zura wa Slovenia cikin wasa goma na rukuni. Sannan suka fitar da Rasha a wasan cike gurbi a 2009. Ƙasar da ba ta kai Kano yawan jama'a ba fa! Wannan ai aikin 'yan baya ne da mai tsaron raga, kuma Cesar yana tsakiyarsu.

A gasar ta 2010 sun ci Aljeriya 1-0, sun yi 2-2 da Amurka, Ingila ta ci su 1-0. Saura ƙiris su wuce zagaye na biyu, sai Landon Donovan ya ci wa Amurka ƙwallo a ragar Aljeriya cikin ƙarin lokaci, lissafi ya juye. Yau kowa Donovan yake tunawa. Su waɗanda suka sha gumi suna tare hari kuwa, wa ya riƙe sunansu? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matsalar ita ce aikin ɗan baya ba ya fitowa a gajerun bidiyon da muke turawa juna a WhatsApp. In ya tsaya inda ya dace, ƙwallon ba za ta ma iso ba, don haka babu abin nunawa. In ɗan gaba ya ɓarar da dama biyar ya ci ta shida, ya zama gwarzo. Ɗan baya kuwa ya yi minti 89 ba kuskure, ya zame sau ɗaya, an samu abin zagi na mako guda. Ko masu ba da Ballon d'Or haka suke: tun Fabio Cannavaro a 2006 babu mai tsaron baya da ya sake ɗauka, Virgil van Dijk ma na biyu ya zo a 2019.

Cesar ya buga wa ƙasarsa wasa 101, kuma shi ne ɗan Slovenia na farko da ya kai 100. Babu kocin da zai yi ta kiran mutum shekara goma sha biyar don kunya ko alfarma. An san in ya shiga fili hankalin kowa zai kwanta ne. Kuma tsarin bai mutu da tafiyarsa ba: a Euro 2024, da Jaka Bijol a baya da Jan Oblak a raga, Slovenia ta riƙe Ingila babu ci, ta riƙe Portugal minti 120 babu ci, sai a bugun fenareti aka fitar da ita.

Abin ya shafe mu ma a nan makaranta. Duk lokacin gasar sassa, kowa lamba tara ko goma yake so, sai a tura wanda aka raina baya, a sha huɗu, a dawo ana zagin alƙalin wasa. Ina kira ga ofishin wasanni na ƙungiyar ɗalibai da ya ware kyautar gwarzon mai tsaron baya a gasa mai zuwa, daidai da ta wanda ya fi zura ƙwallo. Kyaftin-kyaftin na sassa kuma, don Allah ku fara zaɓen 'yan bayanku kafin ku zaɓi 'yan gaba.