Atamfar da ba ta taɓa shiga ruwa ba

Bayan ƙaramar Sallah ƙanwata ta zo gidana a Sae Sabuwa ranta a ɓace. Ɗiyarta mai shekara 15 ta yi yinin Sallah a ɗaki tana kuka, ta ƙi sa atamfar da ubanta ya sayar da gero ya ɗinka mata, wai ƙawayenta duk Holan suka sa. Da aka nuna mini hotunan a WhatsApp sai na gane ɗaya daga cikinsu. Na gan ta da idona a filin idi, sanye da atamfar Cana irin ta kowa. Fuskar tata ce, ɗinkin nata ne, zanen atamfar ne aka sauya a waya.

Ga yadda ake yi. Mai aikin yakan zagaye wurin tufafin a hoto, ya ɗauko zanen wata atamfa daga intanet ya shimfiɗa a kai, ya bar inuwa da lanƙwasar rigar asali don ido ya yarda. A da sai mai kwamfuta da Photoshop, wanda ya fito tun 1990. Yanzu manhajar waya irin PicsArt ta isa, kuma tun da Adobe ta sa ƙirƙirarriyar basira a Photoshop a 2023, rubuta abin da kake so kawai za ka yi. Atamfar Vlisco da ake bugawa a Helmond ta ƙasar Holan, da shaddar Getzner ta Ostiriya, sun zama na mai ƴan megas a waya.

Masu cewa wasan yara ne, ban yarda da ku ba. Wasan da ya sa yarinya ta raina gumin ubanta ya wuce wasa. Manomin da ya auna hatsin rumbunsa ya fitar da kuɗin yadi shida, yanzu ana gwada shi da kayan da babu wanda ya saya. Gobe idan aka zo haɗa lefe bayan kaka, da waɗannan hotuna za a auna saurayi. Hadisin Asma'u ɗiyar Abubakar, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya kamanta mai taƙama da abin da ba a ba shi ba da mai sanye da tufa biyu na ƙarya. Yau mun ga tufar da idonmu.

Abin bai tsaya ga yara ba. Akwai masu sayar da kaya a waya da ke ɗora zane mai ƙyalli a hoto guda, a tura musu kuɗin anko daga ƙauye, kaya su iso daga Maraɗi ko Kano launi daban. Wannan algus ne, daidai da jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu.

Ba na cewa a haramta manhajar. Telan da ya nuna wa mace yadda atamfarta za ta zauna kafin ya sa almakashi ya kyauta, domin ta san gwaji ne. Laifin yana wurin ɓoyewa. Ƙwace waya ma ba magani ba ne, tunda ta maƙwabta tana nan.

Malaman makaranta, ku ba wannan darasi sa'a guda. Ku sa ɗalibai su faɗaɗa hoto su duba: atamfar gaske furenta yana karyewa a wurin ɗinki, yana lanƙwashewa a gwiwar hannu, yana ɓuya cikin tattara. Ta bogi sau da yawa takan kwanta sumul daga kafaɗa har ƙasa, gefenta yana cin fatar wuya. Iyaye kuma, kada ku biya kuɗin atamfa sai an ɗauko muku bidiyonta a hasken rana, an juya bayanta, an nuna rubutun bakin zane.

Amma mu fara da kanmu. Mu ne muke tambayar kuɗin zanen amarya a gaban yara, mu ne muke yi wa mai maimaita kaya dariya a wurin suna. Ɗiyar ƙanwata ta sa atamfarta washegari, bayan na faɗaɗa mata hoton ta ga furen da ya hau kan yatsan ƙawarta. Ni dai na so a ce ta sa ta tun ranar idi, don ubanta ne ya saya.