KAYA UKU NA GWAMNATIN OSTIRALIYA

Jama'a, ina so mu leƙa wata ƙasa mai nisa, watau Ostiraliya, domin abin da ya auku a Majalisarsu ya shafi yara, yara kuwa su ne sana'armu a wannan Kwaleji.

Cikin watan Nuwamba na 2024 Gwamnatin Firayim Minista Anthony Albanese tana da kaya uku a gabanta: dokar hana baza ƙarya a intanet, da ta hana tallar caca, da ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba su buɗe shafi a irin su Facebook da TikTok. Ɗaya kaɗai ta kai gida. Ni a ganina wanda ya fi sauƙi ta zaɓa.

Dokar ƙarya ta wuce a Majalisar Wakilai, amma ta cije a ta Dattawa, sai Ministar Sadarwa, Michelle Rowland, ta janye ta ran 24 ga wata. Wannan ban yi kukanta ba. Wa za a ba alƙalami ya riƙa cewa wannan gaskiya ce, waccan ƙarya?

Ta yara kuwa gudu ta yi. An kawo ta ran 21, aka ba jama'a kwana ɗaya tak su aiko da ra'ayinsu, ran 28 Dattawa suka yarda, 34 suna so, 19 ba sa so. Ta soma aiki ran 10 ga Disamba, 2025, watau bayan an ba kamfanoni shekara guda su shirya. Lalle akwai abin yabo a cikinta. Ba a hukunta yaro, ba a hukunta ubansa. Kamfanin da ya yi sakaci shi ake ci wa tara, har dalar ƙasar miliyan 49 da rabi. Ko da yake duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san yaro in an rufe masa ƙofa taga yake nema, duk da haka gara a ɗora nauyin a kan mai cin riba. To, amma ina wuyar? 'Yan hamayya sun goyi baya, iyaye suna so, waɗanda abin ya faɗa wa kuwa ba su isa jefa ƙuri'a ba.

Maganar caca ita ce ta tsaya mini a rai. A watan Yuni na 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya ba da shawarwari 31, babba daga ciki ita ce a kashe tallar cacar intanet gaba ɗaya, sannu a hankali cikin shekara uku. Shugabar kwamitin, Peta Murphy, 'yar jam'iyyar Gwamnati ce, kuma bakin 'yan kwamitin ya zo ɗaya, har da na hamayya. Ta rasu a Disamba na wannan shekara. Aka ci 2024, aka yi zaɓe a Mayu na 2025, doka ba ta zo ba.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Gidajen talabijin suna samun kuɗi da wannan talla, manyan ƙungiyoyin wasan ƙwallo ma haka. Su kuwa suna nan cikin gida, suna da baki, ba kamar kamfanin da ofishinsa yake can Amurka ba. Gwamnatin da za ta shiga zaɓe ba ta son faɗa da mai gidan talabijin.

Watau ke nan a shekarar da aka rufe wa yaro shafinsa domin a tsare hankalinsa, yana iya zama kusa da ubansa suna kallon ƙwallo, ga sunan kamfanin caca nan a jikin filin, ga shi a rigar waɗansu 'yan wasa.