Masu Hoto Da Katin Zaɓe

Tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, masu ɗaukar hoto na Gwarzo da Kabo suke kukan rashin ciniki. Mu a ganinmu sana'ar ba ta mutu ba. Waya tana ɗauka, amma ba ta wankewa. Ango da mai suna da ɗan makaranta mai neman fasfo, duk hoto suke so a hannu.

Shawararmu ita ce su haɗa kai, su yi adashi, su sayi injin wanki nasu, maimakon kwasar aiki zuwa birnin Kano kuɗin mota ya cinye riba. Su riƙa cika alkawari. Su koya wa 'yan mata, gama akwai gidajen da namiji ba ya shiga.

Amma fa inji sai da wuta. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, janareta ya zama abokin rabon riba. Masu hukunci kan wuta da haraji kuwa, ƙuri'a ce ke ɗora su. Saboda haka lalle kowa ya karɓi katinsa wurin INEC, ya adana, ran zaɓe ya yi sammako. Wanda ya sayar da ƙuri'arsa ya sayar da bakin kuka.