Sharhi: Harajin Ilimi Da Tafiyar Ɗalibai Bincike A Ƙasashen Waje

A watan Nuwamba na shekarar 2024 ne Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund, ya sanar da dakatar da ɗaukar nauyin malaman jami'o'i zuwa karatu a ƙasashen waje, daga ranar 1 ga Janairun 2025. Dalilai biyu asusun ya bayar: tsadar kuɗin musaya, da kuma yadda wasu da aka tura suke ƙin dawowa. Idan za a iya tunawa, a watan Yulin 2023 Sakataren Zartarwa na asusun, Sonny Echono, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Wakilai cewa fiye da mutum 137 daga makarantu 40 sun yi zamansu can bayan an biya musu kuɗin karatu.

Wani ɗan kasuwa zai ce ina ruwansa da sha'anin malaman jami'a. To, da ruwansa kuwa, domin kuɗin nasa ne. Dokar Soja mai lamba 7 ta 1993 ita ce ta ɗora wa kamfanonin da aka yi wa rajista a Nijeriya harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. An ƙara shi zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023, kafin dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da waɗansu cikin harajin raya ƙasa na kashi 4. Duk wanda ya biya wannan haraji yana da ikon tambayar inda kuɗinsa ya tafi da abin da ya sayo.

Ko shakka babu, asusun yana da hujja. A watan Mayun 2023 ana sayar da dalar Amurka kimanin Naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Ke nan kuɗin da a da zai riƙe ɗalibai uku a Ingila ya koma na mutum ɗaya. Babu mai shagon da zai ci gaba da saro kaya a kan haka, balle a ce wani kayan ma ba ya isowa.

Sai dai akwai tafiya iri biyu, kuma kuskure ne babba a auna su da mudu ɗaya. Akwai wanda ake turawa ya yi digiri na uku gaba ɗaya a waje, shekara uku ko huɗu, ya tafi da iyalinsa, 'ya'yansa su shiga makaranta, takardar shaidarsa ta fito da sunan jami'ar can. Irin wannan ne zama yake yi wa daɗi. Akwai kuma wanda rajistarsa tana gida, malamin da ke duba aikinsa yana gida, sai ya tafi na 'yan watanni domin ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen da ke da na'urorin da babu su a jami'arsa, ya dawo ya rubuta sakamako. Ka'idojin TETFund sun daɗe da tanadin irin wannan ga masu digiri na uku a fannin kimiyya, daga wata 3 zuwa wata 12. Hukumar ba da tallafin karatu ta ƙasashen Kwamanwel ita ma tana da shiri na wata 12 a Birtaniya ga wanda yake rajista a jami'ar ƙasarsa, haka nan hukumar DAAD ta Jamus da shirin Fulbright na Amurka suna da makamantansa.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibin da ke cikin rukuni na biyu ba ya samun digirinsa sai ya dawo ya tsaya gaban malamansa ya kare aikinsa. Jinginar da ya bari a gida ta fi duk wata takardar yarjejeniya da za a sa shi ya sa wa hannu ƙarfi. Ga shi kuma kuɗin makarantar waje na shekaru uku ko huɗu, wanda shi ne babban nauyi, bai hau kan kowa ba.

Garin Keffi ya isa misali. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke garin, wadda gwamnatin Alhaji Abdullahi Adamu ta kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2002, kuma a yau tana da babbar makarantar karatun gaba da digirin farko, wadda ma'aikatan Abuja suke tururuwa zuwa gare ta saboda kusanci. Tana da sashen nazarin duwatsu da haƙar ma'adinai, tana kuma da tsangayar aikin gona a Shabu, kusa da Lafiya. Jihar da take ciki ana mata kirari da gidan ma'adinai: kuza da kolombait a Udege, barait a Azara, gishiri a Keana da Awe. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam ta kamfanin Avatar na 'yan ƙasar Sin a ƙaramar hukumar Nasarawa, wadda aka ce za ta iya sarrafa tan 4,000 a kullum. Litiyam ɗin nan shi ne ake batiran waya da na motoci masu aiki da lantarki da shi.

To, wa ke faɗin darajar dutsen da aka haƙo? Farashinsa ya dogara ne ga yawan ma'adinin da ke cikinsa, kuma ido ba ya gane wannan, sai na'ura. Muddin mai saye ne kaɗai yake da na'urar da kuma wanda ya iya karanta ta, to mai haƙa da dillali abin da aka faɗa musu shi za su karɓa. Ɗaliban nazarin duwatsu a Nijeriya sun saba aika samfurinsu zuwa ɗakunan gwaji na Kanada ko Afirka ta Kudu, su biya da dala, a aiko musu da lambobi a takarda. Sakamako ya zo, amma hannun da ya iya aikin yana can. Wata shida a gaban na'urar shi ne yake sauya wannan.

Haka zancen yake ga amfanin gona. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigo da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Jihar Nasarawa tana cikin manyan masu noman riɗi, kuma riɗi kayan fitarwa ne. Kaya ɗaya da aka mayar daga tashar jiragen ruwa ya isa ya karya jarin ɗan kasuwa.

Masu cewa gara a sayo na'urorin a kafa su a gida suna da gaskiya, kuma can ne ya kamata a dosa. Akwai cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda a yankin Abuja, akwai ɗakin binciken ma'adinai na ƙasa a Kaduna. Amma kowa ya san yadda na'ura mai tsada take ƙarewa a lulluɓe da leda idan babu wutar lantarki tsayayya, babu kayan gyara, babu wanda ya taɓa aiki da irinta. Horar da mutum ya kamata ya riga zuwan kaya, ko aƙalla su zo tare.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a ware gajeriyar tafiyar bincike daga hukuncin da aka yanke wa doguwar tafiyar digiri, a ba ta kasonta a fili, tare da sharaɗin cewa samfurin da ɗalibi zai tafi da shi na gida ne, dutsen Udege ko riɗin Doma, kuma ya koyar da wasu idan ya dawo. Su kuma masu haƙar ma'adinai da masu fitar da amfanin gona na jihar bai kamata su jira gwamnati ba. Dokokin haraji sun daɗe da yarda kamfani ya cire abin da ya kashe a kan bincike kafin a lissafa masa haraji. Kamfanoni uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya daga Keffi a kowace shekara, su zaɓi matsalar da zai yi aiki a kanta, su rubuta yarjejeniya da jami'ar cewa idan ya dawo zai riƙa gwada musu kayansu na tsawon shekara biyu.