Jinjina ga manomin Zagami, da aikin da ya rage mana

Ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi a kusa da Zagami, a ƙasar Faskari, yana cikin gonarsa yana korar hankaki sai ya ji wata ƙara mai ƙarfi, wani abu ya daki ƙasa taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tona ramin, aka tarar da dutse mai nauyin kusan kilo 18. Mutumin nan bai farfasa shi ba, bai kuma binne shi don tsoro ba. Magana ta kai ga hukuma, dutsen ya isa hannun ma'aikatar binciken ƙasa da ke Kaduna. Yabon gwani ya zama dole. Manomin ya cancanci jinjina, haka ma duk waɗanda suka miƙa dutsen hannu da hannu har ya kai inda za a adana shi.

Abin da suka ceto ya fi ƙarfin tunanin kowa a wancan lokaci. A 1976 kumbunan Viking na Amurka suka sauka a duniyar Mas suka auna iskarta. A 1995 masana suka sanar da cewa iskar da ta maƙale cikin ɗigon gilashin da ke jikin dutsen Zagami ta yi daidai da waccan. Ke nan dutsen ɓallin duniyar Mas ne. Ya daskare daga narkakken dutse kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, wani ƙaton dutse ya daki Mas ya yi cilli da shi, ya yi ta yawo a sarari kusan shekara miliyan 3. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, wannan kuwa a gonar Bakatsine ya faɗo. A 1996 ma an ɗora ɗan ƙanƙanin gutsurensa a kumbon Mars Global Surveyor, ya koma yana kewaya duniyar da ya fito.

Har gobe masana na jayayya a kan ramukan duniyar Mas da irin waɗannan duwatsu suka taso. A 2014 wasu suka nuna wani rami mai suna Mojave. A 2024 ayarin da Christopher Herd na Jami'ar Alberta a Kanada ya jagoranta ya danganta da yawansu da ramuka biyar a yankunan aman wuta na Tharsis da Elysium. Muhawarar tana da nauyi, domin har yanzu babu kumbon da ya ɗebo ƙasar Mas ya dawo da ita, saboda haka waɗannan duwatsu su ne kaɗai samfurin da ake iya taɓawa a ɗakin gwaji. Dutsen da aka ga faɗuwarsa aka ɗauke shi da wuri, kamar na Zagami, ya fi wanda ya daɗe yana shan rana da ruwa daraja wurin bincike.

To, mu da dutsen ya faɗo wa fa? Kaso mai yawa na dutsen Zagami ya koma hannun dillalan ƙetare, ana yanka shi ana sayarwa da giram. Ku dubi abin da ya sami maƙwabtanmu. Dutsen Mas mai sama da kilo 24 da aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamban 2023, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a Amurka a Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Ita ma ta cancanci yabo, sai dai ta farga bayan dutsen ya riga ya tsallaka teku.

Kada manomin Ƙofa ko na Kankiya da Kusada ya ɗauka wannan labarin nesa ne. A 1971 wani dutsen ya faɗo a Kabo ta ƙasar Kano, a 1984 a Gujba, a 2002 a Kilabo ta Jigawa. Duk wanda ya ga irin haka, ya riƙe rana da lokaci, ya ɗauki hoton ramin da wayarsa kafin a taɓa komai. Kada a wanke dutsen, kada a fasa shi, a sa shi cikin leda mai tsabta, a sanar da mai unguwa ko dagaci. Yawanci yana da baƙar fata siririya ta ƙuna, ya fi marmara nauyi, kuma maganaɗisu kan kama akasarinsu.

Nauyin da ya fi girma yana wuyan hukuma da malamai. Hukumar binciken ƙasa ta bayyana wa jama'a abin da ya rage a hannunta na dutsen Zagami, a kawo ko da gutsure ne gidan tarihi na Katsina inda ɗalibai za su gan shi da idonsu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-ma su buɗe ƙofa ga duk wanda ya tsinci baƙon dutse, su haɗa kai da masana ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello wajen gwaji. A kuma tanadi lada mai kyau ga mai tsintuwa, domin manomin da hukuma ta sallama da godiyar baki kawai, gobe dillali zai nema. Malaman kimiyya na makarantun Kusada da Kankiya kuwa ba sa bukatar jiran kowa. Su fara koyar da labarin Zagami a aji tun wannan zango.