Zancen Lakwal: Yara Su Yi Zangon Kwana Biyu



A wannan wata za mu yi magana kan wani abu da uwaye da yawa ke gudu. Shi ne malamin lakwal ya ɗauki ƴan ajinsa su yi zango na kwana biyu a wani gari, su gani da idonsu abin da ake karanta musu a littafi. Da an tada zancen sai maigida ya ce: "Ina kuɗin mota? Wannan ai na ɗiyan birni ne." Ni ban yarda ba. Mu da muke zuwa cin kasuwa a ƙasa, wa zai koya mana tafiya maras kuɗi?

Abin da ke cinye kuɗi mota ce. To, kada a je nesa. Kilomita 10 ko 15 sun isa. A ari amalanke biyu, ɗaya ta ɗauki kaya da ruwa, ɗaya ta ɗauki wanda ya gaji. Sauran su taka. Masauki kuwa lakwal ɗin wancan gari ne. Shugabannin makarantun biyu su shirya tsakaninsu: bana mu zo muku, baɗi ku zo mana. Ɗaki ɗaya na maza, ɗaki ɗaya na mata. Kowane yaro ya zo da tabarma da bargo da kwanonsa. A ɗauki ƴan aji 5 da aji 6 kaɗai, ƙanana su jira lokacinsu.

Wani zai ce, mi za su gani a nan kusa da ba su sani ba? Da yawa. Yaron ƙasar Buza yana iya zuwa kwarin Majiya, inda aka fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska. Ya tsaya bayan itatuwan, ya fita fili, ya ji bambancin iskar a jikinsa. Yaron Matamai ko Magarya ya zauna ƙarƙashin gawo, wani dattijo ya bayyana masa yadda gawo ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, da dalilin da ya sa hatsi ke kyau a gindinsa. Makiyayi ya ƙara masa da amfanin ƴaƴan gawo ga bisashe. Na Maraɗi suna da tabkin Madarunfa da masunta. Inda babu irin waɗannan, akwai maƙeri, da majemi, da mai garkar albasa, da tsohon da ya san tarihin kafa garin. Malam ya sa kowane yaro ya rubuta tambayoyi 3 kafin a tashi, ya dawo da amsarsu a rubuce. In ba haka ba, yawo ne kawai aka yi.

Lokaci ya fi kyau bayan an gama kai hatsi rumbu. Da damina ana bukatar yara a gona, ga sabro. Da bazara ga zafi, ga sanƙarau. Hutun ƙarshen watan Disamba yana da kyau, sai dai dare da sanyi. Kada a manta bargo, kada kuma a hura wuta cikin ɗakin kwana.

Abinci daga gida zai fito. Kowane yaro ya kawo rabin tiya na hatsi, mata su daka tun kafin ranar. Wanda ke da wake ko ƙuli-ƙuli ko kuka ya ƙara. Kuɗin da za a tara na mai ne da gishiri da sukari da sabulu, dala 40 ko 50 kowane gida. A rubuta wanda ya ba da, a karanta gaban kowa in an dawo. Yaron da ubansa ba shi da hali, kwamitin lakwal ya rufa masa asiri, ya tafi da ƴan uwansa.

Ruwa shi ne babbar magana. Wani babba ya riga zuwa ya ga rijiya ko famfon da za a sha. Kada yaro ya sha ruwan tabki, kada ya shiga wanka: nan ake ɗaukar tsargiya, nan kuma ake nutsewa. In zawo ya kama yaro, a dama lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi, a kai shi gidan likita mafi kusa. A san inda gidan likitan yake tun ba a tashi ba.

Sai izini. Malam ba ya fita da ɗan kowa sai uban ya yarda, sufeton makarantu ya sani, masu gari biyu sun sani. Wasu wurare, musamman kusa da iyaka, ba su da kwanciyar hankali yanzu. In hukuma ta ce kada a je, an gama magana. A bi hanya da rana, a ƙirga yara da safe da maraice. Yara 10, babba 1.

Abin da ya fi damuna shi ne ƴan mata. Na san in aka yi wasa za a bar su gida, a ce ɗiya mace ba ta kwana a waje. Maganin wannan mai sauƙi ne: uwaye mata 2 ko 3 da gari ya amince da su su bi tafiyar, su kwana ɗaki ɗaya da ɗiyan. Kuma kada a mai da ƴan matan masu dahuwa da ɗibar ruwa, maza suna can suna kallon gawo. A raba aikin da kowa.

Garin da ya gwada, ya sa yaro ɗaya ya rubuto mana abin da suka gani, mu buga a wannan shafi.